Littafin Yara Mai Zancen Sihiri: A Ƙona ko a Karanta?

Wata ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada, ina cikin tattara littattafan waƙa, sai na ga wata tsohuwa ta ikkilisiyarmu tsaye a bakin ƙofa tana jirana. Da mutane suka ragu sai ta matso, ta ɗaga mayafinta, ta fito da wani littafi naɗe cikin leda, tana riƙe da shi kamar mai ɗauke da garwashi. Ta ce, "Malam, ga abin da na tarar ƙarƙashin tabarmar jikata. Ni ban yi lakwal ba, amma ɗan maƙwabcinmu ya karanta mini bangon, ya ce labarin makarantar mayu ne. In ƙona shi?"

Na karɓa na duba. Littafin Harry Potter ne na fari, cikin Faransanci, wanda yarinyar ta aro daga ɗakin karatu na makarantarsu. Yaron bai yi ƙarya ba, gama kalmar da ke bisa bangon ita ce wadda muke fassara maye da ita a nan Nijar. Na ce, "Inna, ki ba ni mako biyu. Ban iya yanke wa littafi hukunci ban karanta shi ba." Abin da na gane cikin makonnin nan da bayansu shi nake so in sa a gaban 'yan'uwa, domin tambayar tsohuwar nan za ta shiga gidaje da yawa, ko ta hanyar littafi ko ta hanyar fim a wayar hannu.

Inda gardamar ta taso

Gardamar ba a ƙasarmu ta soma ba. Wata 'yar Birtaniya mai suna J. K. Rowling ta fitar da littafin a 1997, aka juya shi Faransanci a 1998, ta kuma cika littattafai bakwai a 2007. An sayar da fiye da kwafi miliyan 500. Labarin wani maraya ne da 'yar'uwar mahaifiyarsa da mijinta ke wulakanta shi, ranar da ya cika shekara 11 sai ya ji cewa shi ɗan masu sihiri ne, aka kai shi makarantar kwana inda ake koyon sihiri.

A Amurka iyaye Kirista da yawa suka tashi tsaye. Ƙungiyar ma'aikatan ɗakunan karatu ta ƙasar ta ce daga 2000 zuwa 2009 babu littattafan da aka fi neman a cire daga makarantu da ɗakunan karatu kamar waɗannan. A ƙarshen Disamba 2001 wata ikkilisiya a garin Alamogordo, jihar New Mexico, ta hura wuta ta ƙone su a bainar jama'a. A 2019 waɗansu firistoci a birnin Gdansk na ƙasar Poland suka yi haka, daga baya ɗayansu ya fito ya nemi gafara. A 2003 Kadinal Ratzinger, wanda ya zama Paparoma Benedict na 16 a 2005, ya rubuta wa wata marubuciya Bajamusa wasiƙa yana goyon bayan kashedin da ta yi, yana tsoron irin ruɗin da ke shiga zuciyar yaro a ɓoye tun bangaskiyarsa ba ta yi ƙwari ba. Amma a 2009 jaridar fadar Paparoma ta yaba wa fim na shida saboda ya bambanta nagarta da mugunta sarai. Haka kuma Charles Colson, sanannen mai wa'azi a gidajen kurkuku na Amurka, ya kāre littattafan a 1999. Ashe rabuwar ba tsakanin Katolika da sauran ɗarikoki take ba. Cikin kowace ɗarika akwai masu tsoron Allah a wannan gefe da wancan.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya hana

Bari mu fara ba masu tsoro gaskiyarsu. Maganar Allah ba ta yi wa sihiri sassauci ba. Maimaitawar Shari'a 18:10-12 ta haramta duba da tsafi da neman shawarar matattu. Bulus ya lissafta sihiri cikin ayyukan halin mutuntaka a Galatiyawa sura 5. Sarki Saul ya je wurin mai kiran matattu a Endor da dare, ƙarshensa bai yi kyau ba. Siman mai sihiri na Samariya ya miƙa wa Bitrus kuɗi don ya sayi ikon Ruhu Mai Tsarki, ya sha tsawa mai zafi.

In mun duba waɗannan duka, za mu ga laifi ɗaya ne. Mutum yana neman iko ko sanin gaibu ta wata ƙofa dabam da ta Allah. Yana so ya riƙe ragamar abin da ba nasa ba, ya saya da kuɗi ko da jinin kaza abin da ya kamata ya roƙa da tawali'u. Mai addu'a yana roƙo, sa'an nan ya bar wa Ubangiji zaɓi. Mai sihiri yana tilastawa. Wannan shi ne zunubin, kuma aiki ne da mutum ke yi da hannunsa da zuciyarsa.

Masu ƙona littattafai sukan kafa hujja da Ayyukan Manzanni 19:19, inda mutanen Afisa suka ƙone littattafan sihiri na kuɗin azurfa 50,000. Amma mu karanta wurin da natsuwa. Su wa suka ƙona? Masu sihirin ne da kansu, bayan sun tuba sun bayyana ayyukansu. Littattafan wa? Nasu, waɗanda suke aiki da su suna cin abinci. Ba su shiga gidajen maƙwabta sun ƙwace littattafan labari ba. Wutar Afisa wutar tuba ce, mutum ya ƙone abin da ya ɗaure shi. Ta yi kama da ranar da boka ya karɓi baftisma ya fito da ƙahoninsa da layunsa. Labarin da yaro ke karantawa don nishaɗi wani abu ne dabam, sai mu auna shi da nasa mudu.

Ƙagaggen labari ƙarya ne?

Waɗansu sun ce ko da babu sihiri, ƙagaggen labari ƙarya ne, Kirista kuwa ba ya ƙarya. A nan na tuna da kakata. Ina yaro, kafin a sa ni makarantar mishan, kowane dare bayan tuwo mukan kewaye ta. Gizo ya yi magana, Dodo ya haɗiye gari, yarinya ta shiga ruwa ta tarar da birni a ƙarƙashinsa. Tana farawa da "Ga ta nan ga ta nanku," in ta gama ta ce "Ƙurunƙus," har ta ƙara da cewa ƙarya ce ta shirga mana. Kakanninmu sun yi wa tatsuniya ƙofar shiga da ƙofar fita, domin yaro ya san lokacin da ya shiga da lokacin da ya komo gida. Maƙaryaci yana so ka gaskata abin da ba haka ba. Mai tatsuniya kuwa tun farko ya gaya maka wasa ne, amma cikin wasan ya koya maka cewa haɗamar Gizo ba ta ƙarewa lafiya. Da muka iya karatu muka tarar da aku mai ba da labari cikin Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, ban kuwa taɓa jin wanda ya bar bangaskiya saboda aku ba.

Littafi Mai Tsarki da kansa ya yi amfani da wannan hanya. Cikin Littafin Mahukunta sura 9, Yotam ya ba da labarin itatuwa da suka tafi neman sarki, zaitun da ɓaure da inabi suka ƙi, ƙaya ta yarda. Itatuwa ba su magana, amma ba wanda ya kira Yotam maƙaryaci. Annabi Natan ya ƙago labarin matalauci mai 'yar tunkiya ɗaya, da shi ya karya zuciyar Sarki Dawuda. Ubangijinmu Yesu kuwa, misalai ne abincin koyarwarsa.

Ikkilisiya ta daɗe tana tunani a kan wannan. A ƙarni na 4 Basil, bishop na Kaisariya, ya shawarci samari game da littattafan Helenawa masu cike da labarun alloli. Bai hana su ba, ya ce su yi koyi da zuma, wadda ke sauka kan furanni ta ɗebi abin amfani ta bar sauran. A zamanin kusa, malamai biyu na jami'ar Oxford, J. R. R. Tolkien ɗan Katolika da C. S. Lewis ɗan Anglika, sun rubuta labarai masu dodanni da masu sihiri, suna kuwa masu bi na ƙwarai. Cikin littafin Lewis na fari na labarun Narniya, wanda ya fito a 1950, wani yaro ya ci amanar 'yan'uwansa saboda alewa, sai babban zaki ya ba da ransa a madadinsa, ya kuma tashi daga mutuwa. Duk ɗan ajin katikisma zai gane wanda ake nufi. Tolkien kuwa ya koyar cewa mutum yana ƙaga labari ne domin an yi shi cikin kamannin Mahalicci.

Abin da na tarar cikin littafin

Na karanta littafin jikar Inna da ƙamus a gefena, daga baya na nemi sauran. Ban tarar da kiran aljani ko yanka ko alkawari da Shaiɗan a matsayin hanyar samun iko ba. Kalmomin da suke furtawa yawancinsu Latin ne da aka murɗa, ko ka kwana kana faɗinsu tsintsiya ba ta tashi. Malamar duba ma abin dariya aka mai da ita a yawancin wurare. Abin da ya tsare yaron tun yana jariri shi ne uwarsa ta mutu dominsa. Mugun labarin kuwa tsoron mutuwa ne ya lalata shi, har ya riƙa kisa don ya dawwama. A littafi na bakwai yaron ya tafi da ƙafarsa wurin mutuwa domin abokansa su rayu, kuma marubuciyar ta sa ayoyi biyu bisa kaburbura, Matiyu 6:21 da 1 Korintiyawa 15:26.

Ba zan ɓoye abin da bai gamshe ni ba. Yaran labarin sukan yi ƙarya, su karya doka, sau da yawa a yaba musu. Ba a ga kowa yana addu'a. Littattafan baya suna da duhu da kisa waɗanda ba su dace da ƙaramin yaro ba. Akwai kuma wata hujja mai ƙarfi ta masu suka: a wurin Tolkien babban mai sihirin ba ɗan Adam ba ne, ya fi kama da mala'ika, a wurin Lewis kuma abin yana faruwa a wata duniya dabam. Nan kuwa yara ne irin namu, a Ingila ta zamaninmu, suna shiga jirgin ƙasa a Landan su tafi koyon sihiri. Ƙofar shiga da ta fita ba ta fito sarai kamar ta kakata ba.

Kunnen Bature da kunnenmu

A nan ne na ga amsar Turawa ba ta ishe mu ba. Masu kāre littafin a can sukan ce, "Ai babu laifi, yaran ba su nemi ikon daga wurin aljanu ba, da shi aka haife su." A kunnen Bature wannan magana tana kwantar da hankali. A kunnenmu kuwa ita ce ke tayar da shi, gama abin da ake faɗi game da maita ke nan, wai gadonta ake yi, ana shan ta a nono. Yaron Landan in ya rufe littafin ya fita waje, ba zai sadu da wanda ake kira maye ba. Namu yaron in ya fita, akwai gidan da ake nuna masa da baki a ce kada ya ci abinci can.

Wannan na gani da idona. Na kira yarinyar, 'yar shekara 12, na tambaye ta abin da ta fi so cikin labarin. Ta ce yarinyar nan mai ƙwazon karatu wadda ta fi maza sani, da kuma yadda marayan ya sami abokai. Ita ma marainiya ce. Na ce, "Kina so a kai ki makarantar nan?" Ta yi dariya ta ce, "Haba Malam, ai babu ita." Hankalina ya kwanta. Amma ƙanenta ɗan shekara 7, wanda take ba shi labarin da dare, sai ya ja rigata ya ce, "Malam, tsohuwar nan ta bayan rijiya, irinsu ce?"

Gabana ya faɗi. Tsohuwar da yake nufi gwauruwa ce, ba ɗa ba jika, talauci da tsufa kaɗai ne laifinta. Littafin bai koya wa yaron zarginta ba, daga bakin manya ya ji, har da manyan da ke zuwa sujada. Littafin dai ya ba shi hoto ne ya manna a kan abin da ya riga ya ji. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu ne kuwa muka tsaga bangon.

Kada mu ɗauki wannan da wasa. Mun san yadda ake yi in yaro ya yi zazzaɓi mai zafi ya ambaci sunan wata cikin magagi: a ce ta kama kurwarsa, a jawo ta a tilasta mata ta tsallake shi, daga ranar ta rasa mutunci har kabari. A Yuli 2020, a garin Kafaba na arewacin Ghana, aka doki wata tsohuwa 'yar shekara 90 mai suna Akua Denteh har ta mutu, bayan wata mai duba ta ce mayya ce, mutane kuwa na tsaye suna kallo. A Gambaga akwai zangon da matan da aka kora da wannan zargi suke fakewa. A jihar Akwa Ibom ta Najeriya, a wajen 2008 duniya ta ga yara da iyayensu suka yasar ko suka azabtar domin wani mai wa'azi ya ce mayu ne. Abin kunya, da sunan Yesu aka yi waɗansu daga cikin waɗannan. Labarin da ya kashe Akua Denteh ba tatsuniya ba ce mai "Ƙurunƙus" a ƙarshe. Labari ne da aka ba da shi a matsayin gaskiya, aka kuma karya doka ta hana shaidar zur da ta hana kisankai gaba ɗaya.

Akwai kuma wani abu. Shekaru da yawa ina shirya iyaye don baftismar jarirai. Sau nawa na ga laya a wuyan jariri ƙarƙashin farar riga, ko guru a ƙugunsa? Sau nawa ɗan ikkilisiya ya je wurin mai bugun ƙasa kafin ya ɗaura aure ko ya shiga jarrabawa? Wannan shi ne ainihin abin da Maimaitawar Shari'a ta hana. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. In za mu hura wutar Afisa, da abin da ke cikin aljihunmu ya kamata mu fara.

Yadda za mu auna

Ga abin da nake ba iyaye shawara, ba doka ba ce, shawarar ɗan'uwa ce. Da fari, a duba ko littafin yana cewa shi labari ne, ko kuwa yana koyar da abin da za a aikata. Wanda ya ce wa yaro ya kunna kyandir ya kira wani ruhu, ko ya duba taurari don sanin gobe, wannan kayan aiki ne, a raba yaro da shi ko da zanen ban dariya ne a bangonsa. Na biyu, a duba 'ya'yan itacen, kamar yadda Ubangiji ya koya mana. Bayan karatun, yaron yana sha'awar jaruntaka da aminci da tausayi, ko kuwa yana marmarin iko a kan abokansa, yana firgita da dare, yana zargin maƙwabta? Na uku, a duba shekarun yaron. Abin da 'yar shekara 12 ta yi wa dariya, ɗan shekara 7 ya ɗauke shi gaskiya. Duk waɗannan ba su yiwuwa sai babba ya zauna da yaro. In ba ka iya karatu ba, ka ce ya ba ka labarin da bakinsa, za ka ji abin da ya zauna masa a zuciya. Hani kurum ba ya aiki, gama abin da ka ƙone da rana zai gan shi a wayar abokinsa da yamma, sa'an nan ba zai ƙara gaya maka kome ba.

Saura maganar Inna. Mahaifinta boka ne, ita kanta ta yi shekaru cikin bori kafin ta sami baftisma. Wanda maciji ya sara, in ya ga igiya sai ya gudu, ba kuwa wauta ba ce, ya san zafin dafi. Bulus ya yi maganar irin wannan cikin 1 Korintiyawa sura 8, game da naman da aka yanka wa gumaka. Ya yarda gunki ba kome ba ne, amma ya ce wanda ya saba da gumaka a dā lamirinsa na iya rauni, don haka mai sani ya yi hattara kada 'yancinsa ya sa ɗan'uwa tuntuɓe. Cikin Romawa sura 14 kuma ya hana mai ci ya rena marar ci, ya hana marar ci ya hukunta mai ci. Gidan da ya hana irin waɗannan littattafai kada a kira shi gidan jahilai. Gidan da ya yarda kada a kira shi gidan matsafa.

Da mako biyu suka cika na tafi gidanta. Na ce, "Inna, ba za mu ƙona shi ba, gama ba namu ba ne, na makaranta ne, kuma ban ga littafin boka a cikinsa ba. Amma ba zai ƙara kwana a ɗakinki ba, tun da yana tayar miki da abin da Almasihu ya raba ki da shi." Muka shirya yarinyar ta riƙa karantawa a gidana ranar Asabar tare da 'ya'yana, mu yi hira a kai, ƙanenta kuwa ya jira sai ya girma. Inna ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "To, Malam, amanarta na hannunka." Ba ta ce na rinjaye ta ba, ni ma ban nemi haka ba.

Kafin in fita na roƙe ta abu ɗaya, ta kuwa yarda. Ran Lahadi da yamma ta zuba tuwo cikin kwano, ta ɗora wa ƙaramin yaron a kā, muka tafi tare har gidan tsohuwar bayan rijiya. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta sa masa albarka, ta ba shi gyaɗa, ya ci a gabanta. Kome bai same shi ba.

'Yan'uwa, Yesu ya yi kashedi mai tsanani ga duk wanda ya sa ɗaya daga cikin ƙananan nan tuntuɓe. Mu tsare abin da suke karantawa, amma mu ƙara tsare abin da suke ji daga bakinmu a tsakar gida. Allah ya ba mu hikima mu yi renonsu cikin gaskiya da ƙauna, ba cikin tsoro ba. Amin.